Asabar ɗin Inna

Duk wanda ya ce karatun intanet an yi shi ne don mai aiki, wanda ba shi da sararin zuwa jami'a, ina roƙonsa ya zo Gumel ya zauna a tsakar gidana ranar Asabar ɗaya kawai. Ba sai ya yi komai ba. Ya zauna ya saurari sallama, in ya so da la'asar ya maimaita min abin da ya faɗa.

Ni malamar makaranta ce. Gidana yana Gumel, amma ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Sule Tankarkar. Daga Litinin zuwa Juma'a rana ba ta fito min a gida, a mota take samuna, an matse ni tsakanin buhun gero da wata mai goyo. In dawo da la'asar da jaka cike da littattafan da zan duba, ƙafa a kumbure, murya a dishe. Ban ƙi aikin ba, kuma har yau ban ƙi shi ba. Amma akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Yarinya za ta shigo aji ɗaya da bakinta rau, tana ɗaga hannu har tana miƙewa tsaye, kafin ta kai aji uku ta yi gum, ko sunanta ka tambaya sai ta dubi ƙasa. Na ga haka ya fi a ƙirga. Ina so in san me muke yi musu a tsakani, in bincika shi da kyau, in rubuta, in ya yiwu wata rana in koma kwalejin horar da malamai in faɗa wa masu tasowa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da digirin digirgir.

Digirina na biyu a Kano na yi shi, karatun ƙarshen mako. Wahala kam na sha ta, amma wahala ce mai mutunci. Ranar Juma'a in na ɗauki jaka na hau adaidaita zuwa tasha, duk unguwa ta san Malama ta tafi karatu. A yi suna, a ce ai ba ta nan. A yi biki, a ajiye min alkakina. Ko rasuwa aka yi, in na dawo na je gaisuwa, su ne ma za su fara yi min sannu da hanya. A garinmu jaka da mota su ne shaidar karatu. Ban gane haka ba sai da na gwada yin karatu ba tare da su ba.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min a wayarta, wata jami'a ta ƙasar waje tana ba da digirin digirgir a fannin ilimi, duk ta intanet. Ba tasha, ba ɗakin haya, ba bin ofis-ofis neman izinin barin aiki. Suna kuma da wani tsari da ya kwanta min. Kafin su ɗauki mutum, kafin shi ma ya ɗaure kansa, zai yi Asabar shida na gwaji. Kowace Asabar daga hantsi zuwa azahar yana zaune gaban kwamfuta, malama tana ganinsa yana ganinta. A ta ƙarshe kowa zai gabatar da abin da yake so ya yi bincike a kai. In sun gamsu su ba shi gurbi, sannan ya yanke shawara. In ya karɓa, haka Asabar ɗinsa za ta kasance har shekara huɗu, Lahadi kuma ta tafi a karatu da rubuta aikin da aka bayar.

Maigidana, wanda yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, bai hana ni ba. Dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce, "Malama, a gidan nan za ki yi digirin? Gidan da ko wanka kike yi sai an ƙwala miki kira?"

Na ce masa ya zuba ido. Na sayi data, na sa aka gyara batirin sola, na share lungun ɗakina inda sabis ya fi kamawa, gindin tagar da take kallon dakalin ƙofar gida. Na ɗora kwamfuta a kan teburin guga. A ganina na gama shiri.

Asabar ta farko, malamar, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, tana cikin gabatar da kanta sai na ji, "Salamu alaikum, masu gida!" Maƙwabciyata ce, ta zo aron rariya. Na leƙo na nuna mata abin saurare a kunnena, na nuna mata kwamfuta. Ta ce, "Au, kallo kike yi? Yi abinki." Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa, ta fara ba ni labarin yadda aka kwashe a sunan da aka yi bayan layinmu. Kafin ta tashi wata ta shigo da katin biki, kuma kati ba a miƙa shi a juya, sai an gaisa, an tambayi yara, an tambayi mutanen Gagarawa. Kafin wannan ta fita mai ruwa ya buga ƙyaure. Ina ta murmushin dole. A garin nan in kika ce wa mace "ina zuwa" sau biyu, kafin magariba labari ya kai bakin kasuwa cewa boko ya hau miki kai.

Duk wannan da sauƙi. Ana cikin haka na ji sallamar da ba a amsa ta daga zaune. Inna ce, mahaifiyata.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma wanda ya tashi a nan ya san abin da wannan yake nufi. Tun da aka yaye ni aka kawo ni Gumel wurin goggona, ita ta raine ni, ita ta sa ni a makaranta. Inna tana can Gagarawa da ƙannena. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "ke" ko "waccan", da na fara aiki kuwa ta samu sauƙi, ta koma cewa "Malama" kamar kowa. In na je hutu ina yarinya, ƙannena su haye cinyarta, ni kuma ta miƙo min kwano tana kallon wani wuri. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, kunya ce, kowa haka ya ga ana yi. Sai dai ban saba da hirarta ba, ita ma ba ta saba da tawa ba.

Bayan rasuwar Baba ne ta fara zuwa Gumel duk Asabar, kuma kullum da dalilinta. Ta kawo kuka da daddawa, wai na kasuwar Gumel ba su da ƙamshi. Ta zo sayen man zafi na gwiwa a kemis, wai wanda ake samu a wajensu ba ya ratsa ta. Ta zo ganin jikoki. Sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta miƙe ƙafa, tana tsinkar zogale tana magana ba tare da ta dube ni ba: wane ya sayar da gonarsa, akuyar wance ta haifi tagwaye, rijiyar bayan gida ta ja baya. Ni kuma ina wanki ko ina duba littattafai, ina cewa "to" da "ikon Allah". Da la'asar ta naɗe tabarma ta bi motar ƙarshe ta koma.

Maƙwabciya ana iya haɗe mata rai. Uwa fa? Dole in cire abin saurare, in fito, in durƙusa in gaishe ta, in kawo ruwa, in kawo fura, in tsaya ta sha. Ranar nan da na koma ɗaki an wuce ni da nisa, mutane suna ta muhawara a kan abin da ban ji farkonsa ba. Na sake sa abin a kunne ɗaya, na bar ɗayan a buɗe saboda Inna. Kunnen dama yana jin yadda ake tsara tambayar bincike, na hagu yana jin akuya. Azahar ta yi ban riƙe ko ɗaya ba.

Asabar ta biyu ta fi muni. Ina durƙushe gaban Inna, kwamfuta a buɗe a ɗaki, na zare abin saurare daga jikinta, sai na ji malamar tana kiran sunana, tana sake kira. Inna ta ce, "Wa ke kiranki a ɗaka?" Na ce, "Makaranta ce, Inna." Ta ce, "Ikon Allah, makaranta ranar Asabar, kuma a cikin ɗaki. To je ki." Na tashi da gudu na tarar an ba wani. Na zauna ke nan ta ɗaga murya daga waje tana tambaya ko na ji an yi wa ƙanina kamun gona da tsada. Ba don ta ɓata min ba ne. A wurinta ina gida, ina zaune, hannuna ba ya kan tukunya, to me zai hana a yi magana?

Bayan ta uku saƙo ya zo daga malamar. Cikin ladabi ta rubuta shi, amma ladabin da ke da kaifi. Ta ce ta lura kujerata tana yawan zama babu kowa, kuma duk wanda ba a gan shi sosai a sauran zaman ba, ba zai gabatar da aikinsa a ranar ƙarshe ba. Na karanta a cikin mota a hanyar Sule Tankarkar, raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwar kwandasta. Ina da abin faɗa a kan 'yan matan nan. Na fi duk waɗanda ke cikin zaman nan daɗewa a gaban allo. Amma za a cire ni saboda rariya da katin biki da man zafi. Haba!

Da na dawo na sauke wa maigidana duka. Ya bari na gama sannan ya ce, "To ki gaya wa Inna mana."

Na ce, "In gaya mata me? Kada ki zo gidana?"

"Ki ce ta riƙa zuwa Lahadi."

"Lahadi take zuwa Islamiyyar tsofaffi, ko da zazzaɓi ba ta fashi. Ni kuma Lahadin ce kaɗai nake rubuta aikinsu, in shirya darasin mako, in wanke kayan makarantar yara. Ko kai za ka wanke?"

Ya ce shi dai ba da shi ake faɗa ba, ya ɗauki hularsa ya fita masallaci.

Na zauna na yi tunani irin na malamar makaranta, wadda ta saba in matsala ta zo a raba ta gida-gida a warware. Maƙwabta maganinsu sauƙi ne. A unguwarmu kwaɗo a waje yana nufin masu gida sun yi tafiya, ba mai bugawa, ba mai jin haushi. Na ce wa maigidana duk Asabar in zai fita ya kulle ni ta waje, ya dawo da azahar ya buɗe. Mukulli ɗaya ya rage wa kwaɗon, yara sun daɗe da ɓatar da ɗayan, saboda haka yana aljihunsa. Ya ce, "Yau ga matar da ta kai kanta kurkuku don neman ilimi." Na ce ya dai kulle.

Saura Inna. Na dubi dalilanta uku na ga ba wanda ya fi ƙarfina. Na je tasha na samu wani direba mai jigilar Gagarawa, mutumin kirki da ya san gidanmu, muka shirya duk Juma'a ya karɓo kuka da daddawa daga wurinta ya ajiye min. Man zafi na sayi kwalba manya na ba shi ya kai mata. Yara kuwa na ce duk Juma'a da yamma su bi shi su kwana biyu wurin kakarsu, su dawo Lahadi. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara, na kuma yi abin lada. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, me ya kai ta hawa motar haya duk mako?

Na kira ta a 'yar wayarta na ce, "Inna, na hutar da ke. Kukar direba zai riƙa karɓa, man zafi yana hanya, yara kuma su za su riƙa zuwa miki. Ba sai kin sha wahalar mota ba."

Sai da na duba ko sabis ne ya ɗauke. Sannan ta ce, "To. Madalla. Allah ya yi albarka."

Asabar ta huɗu da ta biyar, wallahi ban taɓa jin daɗin karatu irin nasu ba. Gida tsit. Ina jin takun mutane su zo ƙofa, su ga kwaɗo, su juya. Na yi magana a zaman har malamar ta cire tabarau ta ce in maimaita don sauran su ji. Na ba su labarin 'yan matana, yadda murya take mutuwa tsakanin aji ɗaya da aji uku, wani malami daga wata ƙasa ya ce su ma haka suke gani. Na ji kaina ya buɗe kamar an ɗaga murfin tukunya. Na ce a raina, ashe abin mai yiwuwa ne, shekara huɗu ba komai ba ce.

Ranar Alhamis kafin zaman ƙarshe ƙanwata ta kira ni. Tana aure a Maigatari, kuma ranar kasuwarsu ce, ina jin kukan shanu da hayaniya a bayanta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, me kika yi wa Inna?"

Na ce, "Me na yi mata kuwa? Hutar da ita na yi."

Ta ce, "Na je Gagarawa ranar Asabar. Na tarar da ita tun da safe ta yi wanka, ta sa atamfar fita, ta yafa mayafi, tana zaune a zaure da jakarta a cinya. Na ce Inna ina zuwa? Ta ce ba ko'ina. Haka ta zauna har azahar sannan ta shiga ta cire. Matar ƙaninmu ta ce wancan makon ma haka ta yi."

Na ce, "To ai ga yaran can a wurinta. Ga man zafi. Me kuma za ta zo yi?"

Ƙanwata ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta ce, "Yaya, da iliminki? Kuka ce babu a Gumel? Ke take zuwa gani."

Maimakon in yi sanyi sai na hau faɗa. Na ce to ta faɗa mana! Mutum ya yi shekara da shekaru bai kira sunanka ba, bai dube ka a ido ba, sannan a ce kai ne za ka gane abin da ke ransa daga ƙullin daddawa? Ni boka ce? Ƙanwata ta ce, "Kin taɓa jin uwa ta ce ta yi kewar 'yar fari? Ko mutuwa za ta yi ba za ta faɗa ba." Na ce ina da aji, na kashe waya. Na shiga ajin kuwa, na rubuta kwanan wata a allo, na tsaya da alli a hannu na manta abin da na zo koyarwa.

Na ce a raina bari dai in wuce Asabar ɗin nan, ita ce ta ƙarshe, daga baya in san abin yi. A ranar, maigidana yana da ɗaurin aure a Maigatari. Ya kulle ni da safe, ya ce in Allah ya so kafin azahar ya dawo. Yara suna Gagarawa tun jiya. Ana zafi irin na bazara, na buɗe tagar don in samu iska.

Da aka zo kaina na yi bayani, kuma na san na yi shi da kyau. Ban duba takarda ba. Suka yi tambayoyi na amsa, malamar tana gyaɗa kai. Da aka rufe zaman na cire abin saurare, na miƙe ina miƙa, sai na ji murya a ƙofar gida, dab da tagar. Wata ce take tambaya ko masu gidan sun yi tafiya ne. Sai wata muryar ta amsa mata a hankali, "Tana ciki, karatu take yi. Ki dawo da la'asar."

Ko a cikin barci na san muryar nan. Na fita da gudu ba takalmi, na ja ƙyaure, kwaɗo ya riƙe shi. Ta 'yar kafar da ke tsakani na hango gefen mayafinta da ƙafafunta a miƙe a kan dakali, inuwa ta janye ta bar su a rana.

Na durƙusa a zaure, a bayan ƙyauren, na ce, "Inna, ina wuni. Tun yaushe kike nan?"

"Lafiya lau. Ban daɗe ba." Daga baya mai shagon da ke kallon gidanmu ya gaya min tun hantsi take wurin.

"Ba ki buga ba?"

"Na ga kwaɗo, har zan juya, sai na ji magana ta taga."

Ban san me ya sa na yi tambayar ba, sabo ne kawai. Na ce, "Me kika kawo, Inna?"

Ta ce, "Ba komai."

Na kira maigidana. Ya ce liman ya makara, yanzu ake raba goro, ga shi kuma a motar wani ya je, sai mai motar ya tashi. Na yi masa masifar da bai ci ba bai sha ba. Na ce wa Inna bari in sa mai shago ya kawo guduma a fasa kwaɗon. Ta ce, "A'a, kada ki tara min jama'a. Zauna." Na ɗebo ruwa a kofi, kofin ya ƙi shiga ta kafar. Sai mai shagon na ƙwala wa kira ya miƙa mata ruwan leda. Uwata, a ƙofar gidana.

Na zauna a ƙasa, bayana a jikin ƙyaure, ita ma ina jin ta jingina ta waje. Ta ce, "Na ji kina ta Turanci. Ban san me kike cewa ba, amma ba ki yi in-ina ba ko sau ɗaya."

Sai ta jefo min tambaya.

"Karatun nan, shekara nawa ne?"

"Huɗu, Inna. In an yi sa'a."

"Duk Asabar?"

"Duk Asabar."

Wani mai babur ya wuce, ƙura ta shigo ta ƙarƙashin ƙyaure. Sannan ta ce, "To ki yi. Karatu ai abu ne mai kyau. Dakalin nan ma ba laifi, ana jin murya sarai. Ya isa."

Aka kira la'asar maigidana bai iso ba. Ta ce za ta tafi kada motar ƙarshe ta bar ta, ga yara ta baro wa matar ƙanina. Na ji ta dafa bango ta miƙe, gwiwar tana ba ta wuya, na ji takunta yana nisa. Ban ga fuskarta ba ranar. Da maigidana ya zo ya buɗe, ya tarar da ni a zaure a zaune, ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya dube ni, ya rufe.

Cikin makon saƙo ya zo, sun ba ni gurbi. Malamar har da ƙarin layi nata na kanta, wai tana ɗokin ganin inda binciken zai kai. Na rubuta na tambaya ko akwai rukunin da ke zama wata rana, ko a naɗa min darasin in saurara daga baya. Suka ce zaman Asabar wajibi ne, shi ne ginshiƙin tsarin. Na yi kwanaki ina juya abin a mota, a aji, a gaban murhu. In na tuna yadda kaina ya buɗe a zaman nan sai in ce wallahi zan karɓa, kowa ya yi haƙuri, ita da kanta ta ce in yi. In na tuna ƙafafun nan a rana sai in fasa. Jami'ar tana nan bayan shekara huɗu, ko wata irinta. Inna fa, da gwiwar nan da shekarun nan, wa ya ba ni tabbaci? Ita ta ce murya ta taga ta ishe ta. Ni ba ta ishe ni ba. Sai da na kusa tsufa sannan na samu uwata ta zauna tana ba ni labarin akuya, ba zan saurare shi ta bayan ƙyaure ba.

Na rubuta musu na ce na gode, ba bana ba. Ba zan yi ƙarya in ce na ji sanyi a raina da na tura ba. Haushi na ji, kuma har yau ina ji. Ina jin haushin garin da ba ya yarda mutum yana karatu sai ya gan shi da jaka a tasha. Ina jin haushin masu tsarin da suka ɗauka kowa yana da ƙofar da zai rufe ba tare da ya rufe wa wani ba. Ina jin haushin kunyar nan tamu da ta hana tsohuwa faɗin kalma uku. Ranar Litinin na shiga aji uku, na yi tambaya, 'yan matan suka dubi ƙasa kamar kullum, ni kuma ban da abin da zan yi musu da ya wuce abin da nake yi.

Na gaya wa direban ya bar karɓo kukar, yara ma su zauna a gida. Ban kira Inna na ce ta zo ba, don na san in na faɗa kunya za ta hana ta. Ƙanwata kawai na gaya wa cewa an gama karatun, na san kafin dare labari ya isa Gagarawa.

Ranar Asabar na buɗe ƙyaure tun da safe, na sa dutse na tokare shi. Da hantsi ta yi sallama. Na fito na durƙusa, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, tana kallon bango ta fara yi min faɗa. Wai ta ji na bar karatu, wannan wane irin sakarci ne, mutum ya samu dama ya yi wasa da ita, ita ba ta ce a bari don ita ba. Na ce to, Inna. Ta ce ita dai ba zama ta zo yi ba, kuka ta kawo, don ta san ta kasuwar Gumel ba ta da ƙamshi.

Ta kwance bakin mayafi ta miƙo min ƙullin, idonta a wani wuri. Gwangwanin kukata cike yake har baki da wadda direba ya kawo, ko taɓa ta ban yi ba. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Kin kyauta, Inna, dama ta ƙare."